Maigidana zai kai mu yawon jirgin ruwa a kogi, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana ne ya shirya mana tafiyar hutu ta kwana huɗu a jirgin ruwa, irin wanda ake tafiya a hankali a kan babban kogi ana tsayawa nan da can ana shan iska, mu da iyalan abokansa biyu. Yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 6, ni kuma ina da cikin wata huɗu. Bara ya yi irin wannan tafiyar da abokansa a kogin, kullum sai sun yi iyo, ya dawo yana ta susa a ƙafafu, bayan kamar wata ɗaya ya kwanta zazzaɓi da tari aka ba shi maganin maleriya, ya daɗe kafin ya warware. To kwanan nan da bakinsa yace min yana ganin ɗan jini in ya zo ƙarshen fitsari, amma wai zafi ne kawai. Da nace ina tsoron ruwan nan sai yace ai ruwan garai-garai yake har ƙasa ana gani, ni ce dai matsoraciya zan ɓata wa yara hutu. Su kuwa yaran sun ƙwallafa rai har sun fara lissafin iyon da za su yi. In ƙi zuwa ne, ko in bi shi in yi shiru?

Wa'alaikumussalam ƴar'uwa, Allah ya raba lafiya.

Sau biyu na karanta saƙonki, kuma gaskiya kafin mu taɓa maganar tafiya sai mun fara da maigidan, domin shi ne ya fi tsaya min a rai. Susa a ƙafa bayan an fito daga ruwa, zazzaɓi da tari bayan wata guda wanda maganin maleriya bai kore shi da wuri ba, sannan watanni su wuce a fara ganin jini a ƙarshen fitsari, wallahi wannan jerin haka tsargiya take zuwa, ɗaya bayan ɗaya. Gwaji ne zai tabbatar, don jini a fitsari yana iya zuwa daga tsakuwar ƙoda ko ciwon mafitsara ko ma abin da ya fi wannan nauyi, amma ko ma wanne ne a ciki ba zafi ba ne. Babu zafin ranar da yake sa namiji fitsarin jini. A wurare da yawa na bakin ruwa an saba ganinsa a jikin yara maza har wasu suna ɗauka alamar girma ce, to cuta ce, kuma tana da magani.

Bari in miki bayanin yadda take shiga jiki, saboda in kika gane wannan duk sauran maganar za ta zo miki da sauƙi, kuma za ki samu abin faɗa masa wanda ya fi "ni dai ina tsoro". Mai ɗauke da cutar in ya yi fitsari ko bahaya a ruwa ko a bakin ruwa, ƙwan tsutsar yana fita tare, ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi ya shige jikinsa. A cikin dodon koɗin nan yake hayayyafa na wasu makonni, daga nan sai ya dinga sako ƴan mitsi-mitsin tsutsotsi cikin ruwa, masu wutsiya mai baki biyu, ko milimita ɗaya ba su kai ba, ido ba ya kama su a ruwa. Su kuma aikinsu ɗaya ne, neman fatar mutum. Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan kam ba ta jiran tsaga, lafiyayyar fata sumul take hudawa cikin ƴan mintuna, ba sai da ciwo ba, ba sai an sha ruwan ba, tsayawa kawai a ruwa iya gwiwa ya isa. Ƙaiƙayin nan da ƙurajen da ya dawo da su wurin shigarsu ne. Daga fata sai su bi jini, su ratsa huhu, su sauka jijiyoyin hanta su girma su kai kamar santimita ɗaya zuwa biyu, mace da namiji su haɗu su koma jijiyoyin da suka kewaye mafitsara ko hanji su zauna. Zazzaɓin da yake zuwa tsakanin sati 2 zuwa 8 bayan shiga ruwa, da tari da ciwon jiki da wani lokaci borin jini, likitoci na ce masa zazzaɓin Katayama, sunan wani yanki ne a Japan inda aka fara bayaninsa, kuma sau da yawa maleriya ko taifot ake ɗauka, musamman in mara lafiyan bai ambaci ya shiga kogi ba.

Abin da yake ɓarnar ma ƙwan ne. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum, irin wadda take zama a mafitsara ƙwanta yana da ɗan tsini a ƙarshe, wasu su huda bangon mafitsarar su fita da fitsari, shi ya sa jinin yake zuwa a ƙarshe lokacin da mafitsara ta matse, wasu kuma su maƙale a nama jiki ya yi ta faɗa da su har wurin ya yi tabo. Tsutsar tana iya shekara 3 zuwa 5 a jiki tana wannan aikin, wasu ma su wuce haka nesa ba kusa ba. In aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda, tana iya sa jini a maniyyi, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar mafitsara, irin ta hanji kuma hanta da saifa take kumburawa. A yara tana jawo ƙarancin jini da rashin girma yadda ya kamata da kasala a makaranta, a mata tana taɓa al'aura da mahaifa har a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Ban faɗi wannan don in tayar miki da hankali ba alhalin kina da juna biyu, shekara ɗaya ba ta yi nisa ba ko kaɗan, in aka yi magani yanzu galibin abin warkewa yake yi. Kuma ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren, ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, ba ta shimfiɗa ba, ba ta banɗaki ba, ba ta kwanon abinci ba, dole sai ta bi ta dodon koɗin nan tukunna. Ke da yara ba za ku ɗauka a jikinsa ba.

In ya je asibiti ya buɗe baki yace wa likita "bara na yi kwanaki ina iyo a kogi", kar ya jira sai an tambaye shi. Za a duba fitsari a madubin likita a nemi ƙwan, kuma fitsarin da aka fi samunsu a ciki shi ne na tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, musamman na ƙarshe-ƙarshen. Ana iya duba bahaya da jini ma, wani lokaci a yi hoton mafitsara da ƙoda. Maganin a jikin kwalinsa za ki ga an rubuta Praziquantel, gwargwadon nauyin mutum ake ba da shi, miligiram 40 kan kowane kilo, yawanci a rana ɗaya an gama. Kar ya je kemis ya saya ya haɗiya ya ce shikenan, saboda in jinin daga wani abu daban yake fitowa ya rufe wa kansa hanya kenan. Abokan da suka yi iyon tare su ma su je, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su ga alamar komai ba.

Toh mu dawo kan hujjarsa ta cewa ruwan garai-garai yake. Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, kuma ban ga laifinsa sosai ba don ido yana son ya yarda da abin da ya gani. Tafkin Malawi ruwa ne mai haske da masu yawon buɗe ido suke tururuwa don su yi nutso su kalli kifaye, kuma yana cikin wuraren da suka yi suna a duniya wajen maido matafiya gida da tsargiya. A 2013 ma a tsibirin Kosika na ƙasar Faransa mutane suka yi wanka a wani kyakkyawan kogi mai suna Cavu, daga baya aka gano sama da 100 sun kamu. Cutar tsohuwa ce, an samu ƙwanta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, wani likita Bajamushe Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, daga sunansa aka samo ɗaya sunan cutar, bilharziya. Hukumar Lafiya ta Duniya tace an samu yaɗuwarta a ƙasashe 78, kuma a 2021 sama da mutum miliyan 250 ne suke buƙatar maganin rigakafinta, aƙalla kashi 90 cikin 100 a Afirka, amma akwai ta a Birazil da wasu sassan Sin da Filifin da kogin Mekong. Ba kowane kogi ne yake da ita ba, gaskiya ne, amma shi wannan kogin jikin maigidanki ya riga ya fara ba da shaida a kansa.

Kuma abin da yake ƙona min rai shi ne inda ta fi yawa shi ne daidai inda uwa take ganin ya fi aminci. Bakin gaɓa, ruwa mara zurfi, kwantacce, mai ciyayi, inda ake ɗaure jirgi ace yara su ɗan yi wasa tunda ba zurfi, nan ne gidan dodon koɗin. Lokacin da ya fi sako tsutsotsin kuma tsakar rana ne, lokacin da zafi ya isa kowa yake marmarin ya tsoma jiki. Allurar rigakafinta babu, kuma ko an sha magani an warke in aka sake shiga ruwan sabuwa za a ɗauko. Akwai masu cewa ai sai mu yi iyonmu ranar dawowa mu sha maganin, wannan asarar magani ce, don ba ya kashe tsutsar tana ƙarama, sai ta yi kamar sati 6 zuwa 8 a jiki yake cinta. Goge jiki da tawul da ƙarfi da sauri in ruwa ya fallatso yana ɗan taimakawa, amma ba abin dogaro ba ne ga wanda ya yi iyo.

Saboda haka dokar farko ba ta da sassauci, babu iyo, babu tsoma ƙafa daga gefen jirgi, babu wanke hannu da fuska a kogin, babba da yaro. Akwai wurare biyu da ake mantawa kuma ta nan ruwan yake samun mutanen da suka kiyaye. Na farko sauka da hawa, in babu wurin tsayawar jirgi ko katakon da za a taka, sai ace ku ɗan taka ruwa ku fita gaɓa, to a tanadi dogon takalmin roba, yaran kuma a ɗauke su. Na biyu ruwan wanka, jirage da yawa daga kogin suke zuƙo ruwan banɗakinsu kai tsaye, mutum ya ƙi iyo wuni guda da dare ya sakar wa kansa ruwan kogin a ka. A tambayi mai jirgin tun kafin a biya kuɗi. In na kogin ne, a ɗora shi a wuta ya kai digiri 50 a ma'aunin Celsius na minti 5 sannan a bari ya huce, kar a sirka da ɗanyen, ko a sa masa kulorin, ko a ajiye shi a bokiti mai murfi kwana 2 don tsutsotsin ba sa wuce haka in ba su samu fata ba. Ruwan teku mai gishiri da wurin iyo na otal da ake sa wa kulorin yadda ya kamata ba sa ɗauke da ita, ki riƙe wannan za ta miki amfani wajen lallashin yara.

Akwai wata kuma da ba a cika sani ba, cutar fitsarin ɓera, likitoci na ce mata leftosfirosis. Ɓeraye da shanu da karnuka suke fitsarar da ƙwayar, ruwan sama ya wanko ta cikin kogi, shi ya sa ta fi yawa bayan mamakon ruwa ko ambaliya. Ita ta yanka ko ƙujewa take shiga, ko ido da hanci da baki. A shekarar 2000 an yi wata gasar juriya a Borneo ta ƙasar Malesiya inda ƴan wasa suka yi iyo a kogin Segama, cikin 189 da aka bincika 80 sun kwanta da ita, kuma ƙarfafan mutane ne masu cikakkiyar lafiya. Tana fara nunawa yawanci kwana 5 zuwa 14, zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon sha-raɓa sosai, idanu su yi ja, in ta yi tsanani ta taɓa hanta da ƙoda ido ya koma ruwan ɗorawa. Akwai maganin da wasu matafiya suke sha don kariya, doksisaikilin, amma ba a ba mai ciki, kuma ba a saba ba yaro ƙasa da shekara 8 shi don rigakafi ba, kinga ke da ƙaramin naku nisantar ruwan ne kariyarku. Duk mai ɗan ciwo a hannu ko ƙafa a rufe shi da filastar da ruwa ba ya ratsawa.

Ruwan sha kuwa ai kin san zancen, kwalara, taifot, atini, ciwon hanta nau'in A, duk ta baki suke shiga daga ruwan da bahaya ya gurɓata, kuma kogi komai kyansa akwai garuruwa a samansa da ba ku gani ba. Ruwan roba mai rufe ruf da ku kuka ɓalle murfinsa, ko wanda ya tafasa yana ɓulɓula na cikakken minti 1. Tacewa da ƙyalle ba ta cire duk ƙwayoyin cuta. Ƙanƙara a lemo in ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba ki bar ta, goge baki da ruwan sha za a yi, ki leƙa ki ga da wane ruwa ake wanke kwanuka da kayan marmari, a wanke hannu da sabulu kafin a ci komai. Ki ɗauki fakitin ruwan gishiri da sukari da yawa, in ya ƙare ana haɗawa da lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da gudawa ta kama ya fara rashin fitsari, idonsa ya faɗa, ko ya kasa riƙe ruwa a ciki, ko aka ga jini, wannan jirgi ya juya a nemi asibiti.

Ke kuma akwai ɗaya da nake so ki ji da kyau, ciwon hanta nau'in E. Shi ma ta gurɓataccen ruwan sha yake zuwa, ga yawancin mutane yana wucewa da kansa, amma ga mai ciki mugun abu ne, a watannin ƙarshe yana iya kashe har mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. Ga sauro, bakin kogi da magariba ai gidansa ne, maleriya kuma ta fi kayar da mai ciki, tana jawo ƙarancin jini da ɓari da haihuwar ɗan ƙaramin jariri. Gidan sauro mai magani, kaya masu dogon hannu tun kafin rana ta faɗi, man shafawa na korar sauro mai ɗauke da sinadarin DEET, mai ciki ma tana iya shafawa. In yankin ana fama da shawara mai zazzaɓi wadda sauro ke yaɗawa, allurarta sai da kwana 10 kafin tafiya take fara aiki, kuma ita ba a yi wa mai ciki sai likita ya auna ya ga dole. Ɗan baƙin ƙudan nan na wurin ruwa mai gudu da yake jawo makantar rafi kar ya dame ki sosai, sai an daɗe ana shan cizonsa wata da watanni yake kama mutum, kwana huɗu da rufe jiki ba shi ne abin tsoro ba.

Wanda ya fi duk waɗannan saurin kisa kuma nutsewa ne, cikin ƴan mintuna an gama kuma yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya. Kusan mutum 300,000 ruwa yake ci a duniya a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yara ne kan gaba. Rigar nan ta kariya mai hana nutsewa kowa sai ya samu tasa, ta yara daidai jikinsu don ta manya zamewa take ta kan yaro, kuma a jiki take zama a ɗaure duk lokacin da suke saman jirgi, ba a ƙarƙashin kujera ba. Iya iyon baba ba ya ceton yara biyu a ruwa mai ja. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima ko mai tafiyar dare ba fitila kar ku hau, kuma inda ake da dorina ko kada abin da matuƙin yace shi za a bi.

Toh in je ko kar in je. Ra'ayina zan faɗa miki tsakani da Allah. Tafiyar jirgi a kogi abu ne mai daɗi ƙwarai, safiya da hazo a kan ruwa, tsuntsaye, masunta suna jefa koma, yara ba sa manta irin wannan har su girma, kuma dubban mutane suna yi su dawo lafiya lau saboda sun zauna a cikin jirgin sun sha ruwa mai kyau. Da ba ki da ciki, kuma maigidan ya yarda da dokar ruwan nan, da sai ince ku tafi Allah ya tsare. Amma da cikin wata huɗu, kwana huɗu a wurin da in jini ya ɓalle ko zazzaɓi ya rufe ki da tsakar dare sai an yi awanni kafin a ga asibiti, ni dai in ƙanwata ce ba zan so ta je ba. Ki kai maganar wurin awo, ki faɗa wa likita ko ungozoma sunan kogin da kwanakin da nisan asibiti mafi kusa, in sun hana kin samu abin riƙewa wanda ba daga bakinki ya fito ba. Abin da zan fi so ku yi shi ne a mayar da ita ta wuni ɗaya, a fita da safe a dawo kafin magariba, a sauka a masaukin da yake da wurin iyo mai kulorin yara su sha iyonsu har su gaji, ta kwana huɗun kuma a ɗaga ta zuwa bayan kin sauka lafiya. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne ki zauna a gida ki sake masa yaran su tafi alhali har yanzu yana ganin ruwan ba komai, don ranar farko za su faɗa ciki, in ya ga likita ya gamsu da kansa to wannan wata magana ce.

Shiru kuwa ba naki ba ne a nan, amma yadda za ki faɗa yana da muhimmanci. Ki lura da wani abu, ba kama shi kika yi ba, shi ya faɗa miki da bakinsa yana ganin jini, namiji ba ya kawo irin wannan zancen sai abin yana cinsa a rai, "zafi ne" ɗin nan kansa yake lallashi. Maza da yawa suna jin nauyin duk abin da ya shafi gabansu, wani ma tsoro yake kar ace ciwon sanyi ne a fara zarginsa. Don haka kar ki haɗa maganar jinin da maganar tafiya a zama ɗaya, in kika haɗa zai ji kamar makami kika samu. Ki bari sai kuna ku biyu, yara sun yi barci, ya ci ya huta, kice masa "Abban yara, maganar nan da ka faɗa min ta hana ni barci, na bincika an ce akwai wata tsutsa da ake ɗauka a kogi da take sa haka, ba ta da alaƙa da komai sai ruwa, kuma maganin rana ɗaya ne, dan Allah mu je a duba ko don hankalina ya kwanta." Ban da "ai na faɗa maka", ban da yin zancen gaban abokansa ko ƴan'uwansa. Ki kuma nuna masa kin ga ƙoƙarinsa, mutumin da ya tara kuɗi ya shirya wa iyalinsa hutu so yake ya faranta muku, in ya ji kin yaba wannan zai fi saurarar sauran. In sakamako ya fito ya ga da idonsa, ina kyautata zaton shi da kansa zai hana yaran taɓa ruwan.

Matan abokan nasa ma ki kira su ki musu bayani a hankali, ba sai kin tona abin da yake damun mijinki ba, ki ce dai kin ji kogin ana samun tsargiya. In yaransu suna tsalle a ruwa naki suna zaune a jirgi suna kallo rigima ce za ki sha wuni guda, kuma ƙarshenta za ki gaji ki ƙyale su, dokar sai ta hau kan yaran duka take tsayawa. Su kuma naki ki faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, akwai ƴan ƙananan tsutsotsi a ruwan da ba a gani suna shiga fata su sa ciwo, mai shekara 9 zai gane sarai har ya tsare ƙaramin. Ki ba su abin yi a jirgin, littafin zane, ƙirga tsuntsaye da kwale-kwalen da suka wuce, a bar su su zauna kusa da matuƙi su ga yadda yake aiki.

In kun je kun dawo, ko ta wuni ɗayan ce, ki rubuta ranar a wayarki. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin wata biyu bayan nan a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita an je kogi, in gwajin maleriya bai nuna komai ba kar a tsaya nan a tuna masa da tsargiya da cutar fitsarin ɓera. Wanda kuma tsautsayi ya sa ya faɗa ruwan ko ya taka shi, ko bai ji komai ba, a masa gwaji bayan wata 2 zuwa 3, in aka yi da wuri ba zai nuna ba. Ko ke ce in ta kama dole ana ba mai ciki Praziquantel a hannun likita, don haka kar ki ɓoye.

Shi dai maigidan a samu ya je cikin satin nan kafin a ƙarasa biyan kuɗin jirgin, ku je da hantsi don a samu fitsarin lokacin da ya dace. Ki sake rubuto min in ji abin da gwajin ya nuna. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.